Yadda Ake Ɗaukar Hoton Manyan Dabbobin Teku Domin Ya Amfani Masu Bincike

Babbar wahalar da masu nazarin kifin wel suka daɗe suna fama da ita ita ce ƙidaya, domin dabbar da ke shafe yawancin rayuwarta a ƙarƙashin ruwa, tana ratsa dubban kilomitoci a shekara, ba ta tsayawa a lissafa ta. A farkon shekarun 1970 ne Michael Bigg a gabar yammacin Kanada da Roger Payne a gabar Ajantina suka nuna cewa kowace dabba tana ɗauke da shaidarta a jikinta, kamar zanen yatsan ɗan Adam, kuma hoto mai kyau ya isa a gane ta ko bayan shekaru. A yau duk wanda ya shiga jirgin ruwa da kyamara zai iya ba da gudummawa, muddin ya san inda zai auna, abin da zai rubuta, da tazarar da zai bari.

Abu na farko shi ne sanin ɓangaren jikin da ake nema, domin ya bambanta daga wannan dabba zuwa waccan. A wel mai doro, ƙarƙashin wutsiya ake so, inda baƙi da fari suka gauraya cikin zanen da babu biyu iri ɗaya, tare da bakin wutsiyar mai tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Damar ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Idan dabbar ta yi numfashi sau da yawa a jere, sannan ta lanƙwasa bayanta fiye da yadda ta yi a baya, to za ta nutse ƙasa ne, kuma a nan ne wutsiyar ke tashi sama ruwa na zuba daga gefenta. Mai ɗaukar hoto ya kasance ta bayanta, ya sa kyamara a kan ɗauka mai sauri a jere, ya jira har wutsiyar ta miƙe sosai. Hoton da aka ɗauka daga gaba yana nuna saman wutsiya ne kawai, wanda baƙi ne a kusan dukkansu, don haka komai kyawunsa ga ido amfaninsa kaɗan ne ga mai bincike.

A dabbar oka, wata babbar dabbar teku mai launin baƙi da fari, fiffiken baya da tabo mai ruwan toka da ke bayansa ake dubawa. A wel mai kanta (wato taurarriyar fata) a kai, wanda kusan 370 kawai suka rage na jinsinsa a arewacin tekun Atlantika a ƙiyasin 2023, tsarin kantar ne shaida. Shi kuwa wel-shak, wanda shi ne kifi mafi girma a duniya, ana ɗaukar gefensa na hagu, daidai bayan tsagogin numfashi kuma sama da fiffiken gefe, kyamara na fuskantar jikin kai tsaye ba a karkace ba. Dalilin nacewa a kan haka abin sha'awa ne: manhajar da ke kwatanta ɗige-ɗigen jikinsa an samo ta ne daga dabarar da masu ilimin taurari ke amfani da ita wajen gane jerin taurari a hotunan sararin samaniya, aikin da aka wallafa a 2005, kuma da zarar hoto ya karkace sai tazarar da ke tsakanin ɗigogin ta sauya, manhajar ta kasa gane kifin da ta riga ta sani.

Batun tazara ba abin wasa ba ne, kuma a ganina ya fi hoton kansa muhimmanci. A Amurka doka ta hana kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100 a ruwan Hawai da Alaska, ta kuma hana kusantar wel mai kanta na arewacin Atlantika ƙasa da yadi 500. A Ningalu da ke yammacin Ostireliya, mai iyo tare da wel-shak zai bar mita 3 tsakaninsa da jikin kifin, mita 4 daga wutsiya, ba zai taɓa shi ba, ba zai kunna fitilar kyamara ba. Kowace ƙasa da nata ƙa'idojin, sai a tambaya tun kafin a bar gaɓa. Direban jirgi ya rage gudu, ya bi gefen dabbar a hankali, kada ya tare mata hanya, kada kuma ya taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta. Idan dabbar ta fara sauya alkibla akai-akai ko tana dukan ruwa da wutsiya, a ja da baya a haƙura da hoton, domin uwar da ke shayarwa a ruwan ɗumi tana rayuwa ne da kitsen da ta tara watanni da suka wuce, kuma duk gudun da aka sa ta yi daga wannan ajiyar ake cire shi.

Bayan hoto sai bayani. A daidaita agogon kyamara tun da safe, a kunna GPS ko a rubuta wurin a takarda nan take, tare da adadin dabbobin da aka gani da ko akwai ɗan ƙarami a cikinsu. Idan an ga igiyar masunta a naɗe a jiki, ko jerin yankan farfelar jirgi a baya, a ɗauki hotonsu daban. Daga irin waɗannan tabo ne aka gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na wel mai kanta na arewacin Atlantika sun taɓa sarƙewa a kayan kamun kifi. Amma kada kowa ya shiga ruwa da niyyar kwance igiya. Aikin ƙwararru ne, sai a sanar da hukumar yankin.

Daga nan a aika ainihin hoton yadda ya fito daga kyamara, ba tare da gyara launi ko goge wani tabo ba. Shafin Happywhale yana karɓar hotunan wel, Sharkbook na karɓar na kifayen shak irin su wel-shak, MantaMatcher kuma na kifin manta, wani babban kifi mai faɗin jiki, wanda ake ganewa da ɗigogin cikinsa. Kada a raina hoton dabbar da aka riga aka sani, domin sake ganin nan shi ne ginshiƙin ƙidayar. Misali, idan an gane dabbobi 100 a bana, aka gane 100 a baɗi, aka tarar 20 daga cikinsu tsofaffin gani ne, to ana iya ƙiyasta cewa jimillarsu ta kai kimanin 500. Ta wannan hanyar kwatanta hotuna ne kuma aka gano wani namijin wel mai doro da aka ɗauka a gabar Kolombiya ta ɓangaren tekun Fasifik a 2013 da 2017, sannan aka sake ganinsa kusa da Zanzibar a 2022, tazarar da ta haura kilomita 13,000.