Darasi na 7: Murar tsuntsaye a akurki da keji

Da wuya ka shiga gida a Tawa ko ƙauyukan Adar ba ka iske abu mai fiffike ba. Wata tana da kaji da zabi, wani ya gina ɗakin tantabaru, wani kuma aku ko ɗawisu yake kiwo don sha'awa. Ƴan kuɗin cefane da na sabulu da na magani sau da yawa daga nan suke fitowa. Wannan darasi a kan cutar da ke iya share su duka cikin kwana biyu ko uku ne, wato murar tsuntsaye.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu Nijar. A watan Fabrairu na 2006 aka fara tabbatar da irinta mai suna H5N1 a Afirka, a jihar Kaduna ta Najeriya, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a Magariya, cikin jihar Damagaram. Ta sake ɓulla a Maradi a 2015, a Yamai a 2021, sannan a nan jihar Tawa a ƙarshen 2022. Irin da ya fi yi mana ɓarna shi ne wanda likitoci ke kira H5N1.

Ta ina take shigowa?

Ƙwayar cutar ido ba ya ganinta. Tana cikin kashin tsuntsu, da majinarsa, da miyau, da gashinsa. Tsuntsayen ruwa da ke tahowa daga ƙasashe masu nisa lokacin sanyi suna sauka a tafkuna irin na Tabalak, wasunsu ɗauke da ita. Amma a gaskiya, abin da ya fi kai ta cikin gida shi ne ƙafar mutum da hannunsa: kazar da aka sayo mai araha ranar Lahadi a kasuwa, kejin dillali, tayar babur, takalmin baƙo, kwalin ƙwai da aka yi amfani da shi a wani gida. Ƙwayar tana son sanyi. Cikin kashi mai damshi tana iya yin makonni da ranta lokacin hunturu, zafin bazara kuwa yana rage mata kwana.

A kula da agwagwa. Tana iya ɗauke da cutar tana ta kiwonta lafiya lau, kajin da ke shan ruwa kasko ɗaya da ita suna faɗuwa. Tantabara ma ba ta cika kwantawa da wannan cuta ba, sai dai tana tashi gida-gida, ta taka kashi a can ta sauka a kan dusa a nan.

Yadda ake gane ta

Alama ta farko ita ce mutuwa da yawa, farat ɗaya. An rufe akurki da magariba kowa lafiya, da safe an kwashe biyar, kafin la'asar an ƙara goma. Waɗanda ba su mutu nan take ba sukan takure wuri ɗaya, gashi a tashe, ba ci ba sha. Kai da fuska su kumbura. Zankon zakara ya yi duhu kamar an shafa masa shuni. Ƙafafu su yi ja saboda jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata. Akwai zawo, da numfashi da ƙyar, da majina. Wata kazar wuyanta ya murɗe, ta riƙa tangaɗi. Masu ƙwai su daina, ko su yi ƙwai mai taushin ɓawo.

Wanda ya daɗe yana kiwo zai ce ai wannan ita ce annobar kaji da muka saba gani kowane sanyi. Yana da hujja, domin wannan annoba, wato cutar Niyukasil, da murar tsuntsaye suna kama da juna ƙwarai, har likitan dabbobi ba ya rabe su da ido. Sai an ɗauki samfur an kai ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai. Allurar Niyukasil da ake yi wa kaji tana da amfani, a ci gaba da yin ta, amma ba ta kare su daga murar tsuntsaye. Idan kajin da aka yi wa allura suna zubewa, ko zabi da talotalo suna mutuwa tare da kaji, zargin ya ƙara ƙarfi.

Mu karanta wannan hira

Wata tsohuwa ta tare jami'in kiwo a ƙofar gidanta.

"Ɗana, kajina tara sun mutu tun jiya. Saura goma sha biyu. Na ce wa jikana ya kai su kasuwa tun suna tsaye, ko na samu na gishiri."

"Inna, don Allah kada a fitar da ko ɗaya. Waɗanda kike gani a tsaye, cutar tana jikinsu. In sun shiga kasuwa, gobe gida goma za su yi kukan da kike yi."

"To in sa a yanka, mu ci?"

"Wurin yanka da fiɗa da fige gashi ne mutum ya fi ɗaukar cutar, Inna. Ki rufe su. Ki hana yara shiga. Ni zan sanar da manyana yanzu."

"Asarar fa, ɗana?"

"Asara kam ta samu, Allah ya mayar da alheri. Mu tsayar da ita iya nan."

Tsohuwar nan ba muguwa ba ce. Duk wanda ya ga dukiyarsa tana zubewa zai so ya ceci wani abu, kuma ba na ganin laifin zuciyar da ta raya haka. Amma sayar da sauran da gaggawa shi ne babbar hanyar da cutar ke bi daga unguwa zuwa unguwa, daga ƙauye zuwa birni. Shi ya sa nake roƙon kowane ɗalibi, in ya manta komai a darasin nan, ya riƙe wannan: a rufe, a sanar.

Abin yi a ranar farko

A rufe tsuntsaye inda suke. Kada kaza, ko ƙwai, ko gashi, ko taki ya fita daga gidan. Zancen taki ba ƙarami ba ne a wurinmu, domin kashin kaji yana tafiya garkar albasa da ta kabeji a buhu, cutar kuma ta bi shi. A sanar da ma'aikatan kiwo na gari, in sun yi nisa a gaya wa mai unguwa ko mai gari ya buga masu waya. Mutum ɗaya tak zai riƙa shiga wurin tsuntsaye, babba, ba yaro ba, ba mai ciki ba. Ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu ko leda, ya ware takalmi da rigar da ba zai fita da su ba, ya wanke hannu da sabulu duk fitowa.

Mushe ba a jefa shi a juji ko a kwalbati, ba a ba kare ko kyanwa, su ma suna kamuwa. In jami'i bai iso da wuri ba, a ɗauka da shebur, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne sosai yadda kare ba zai tone ba. Kada a ɓata kuɗi a kan kafso da garin magani na kasuwa. Ba su kashe wannan ƙwaya.

Idan bincike ya tabbatar, hukuma takan kashe sauran tsuntsayen wurin, ta hana zirga-zirgar kaji a kewayen, wani lokaci ta rufe kasuwarsu. Abin da ciwo, musamman ga mai aku ko ɗawisun da ya shekara yana lallaɓawa. A ba da haɗin kai, a tabbata an rubuta sunan mai su da adadin abin da aka kashe. Ga ɗaya daga cikin amfanin karatun da muke yi: ka duba takardar da idonka kafin ka sa hannu.

Bayan haka sai tsabta. A kankare kashi, a wanke keji da kasko da omo, sannan a bi da ruwan jabel, domin jabel ba ya aiki a kan datti. Abin da aka yi da kara ko ciyawa a ƙone shi. A bar wurin babu tsuntsu aƙalla kwana 21, kuma kada a zuba sababbi sai jami'i ya yarda.

Lafiyar mutum

Ba kasafai cutar ke kama mutum ba, amma in ta kama tana da tsanani. A 2007 ta kashe wata mata a Legas. Duk wanda ya taɓa tsuntsu marar lafiya ya lura da jikinsa har kwana 10. In ya ji zazzaɓi, ko tari, ko idonsa ya yi ja, ya tafi likita ranar, ya faɗi cewa kajinsa sun mutu. Naman kaza mai lafiya da ya dahu har ciki, babu sauran ja, da ƙwan da ya dahu sosai, ba su da matsala.

Tun kafin ta zo, a raba agwagi da kaji, a rufe dusa da ruwan sha daga tsuntsayen waje, kada a ɗebo masu ruwan tafki. Sabon tsuntsu, ko na kyauta ne, ya yi kwana 21 shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida.

Aikin aji

1. Faɗi alamu uku na murar tsuntsaye.
2. Me ya sa jami'i ya hana Inna kai kajinta kasuwa?
3. Inna tana da kaji 21, guda 9 sun mutu. Saura nawa?
4. An sayo zabuwa ranar 3 ga wata. Ran nawa ga wata za ta cika kwana 21 a ware?
5. Ku tambayo lambar wayar jami'in kiwo na garinku, kowa ya rubuta ta a bangon littafinsa, mu duba a zama na gaba.