Babi na Bakwai: Sauya Jirgi a Ƙasar Waje Idan Lokaci Ya Ƙure

Wannan babi na wanda zai tashi daga Kano zuwa Jidda, ko Dubai, ko Guanzu ta ƙasar Sin ne, amma jirginsa ba kai tsaye zai kai shi ba. Jirgin kamfanin Habasha yakan sauke mutane a filin Bole da ke Addis Ababa, na kamfanin Masar kuma a Alƙahira. A can ake sauka a shiga wani jirgin. Wani lokaci tsakanin sauka da tashi akwai awa biyar, wani lokaci awa ɗaya ce da 'yan mintuna. A kan na biyun za mu yi magana. Kada hankalinku ya tashi don rubutun da ke filin jirgi ba Hausa ba ne. Wanda ya san baƙaƙen boko kuma ya iya karanta lamba, zai iya.

Darasi na 1: Tun daga kanta a Kano

Kafin ka miƙa akwatinka a awo, akwai abin da za ka tambayi ma'aikaci. Ka ce masa, tikitina ɗaya ne har inda za ni, ko biyu ne daban-daban? Da kyau ma tun a ofishin ejan da ya yankar maka tikiti ka yi wannan tambaya. Idan tikiti ɗaya ne, kamfani ne zai kai kayanka cikin jirgi na biyu, kuma idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, alhakin sama maka wani yana wuyansu. Idan biyu ne daban, kai za ka karɓi kayanka ka sake kai su awo, wataƙila ma sai da bizar shiga ƙasar. Mai awa ɗaya a hannu ba zai iya wannan ba. Kada sauƙin kuɗi ya ja ka.

Za a ba ka katin shiga jirgi, wanda mutane suke kira bodin fas. Ka ƙirga. Biyu ya kamata su zama, ɗaya na Kano zuwa inda za a yada zango, ɗaya na can zuwa ƙarshen tafiya. Idan ɗaya aka ba ka, ka tambaya inda za ka karɓi na biyun.

Sai takardar da ake liƙa wa akwati. Akwai manyan baƙaƙe uku a jikinta, su ne sunan garin da kaya za su sauka. JED Jidda ke nan. MED Madina. DXB Dubai. CAN Guanzu. Ku lura da wannan na ƙarshe, 'yan kasuwa: KAN da K Kano ce, CAN da C Guanzu ce, baƙi ɗaya ne ya raba su. Idan Jidda za ka, amma ADD kaɗai ka gani ko CAI kaɗai, kayanka a Addis ko Alƙahira za su tsaya, sai ka yi magana tun akwatin yana gabanka. Ƙaramin yankin da za a ba ka, ka adana shi tare da fasfo.

Yanzu ɗauki kati na biyu. Nemi baƙaƙe biyu da lamba a gefensu. ET na kamfanin Habasha ne, MS na kamfanin Masar. Baƙaƙen nan biyu tare da lambar, su ne lambar jirginka. Ɗauki biro ka zagaye ta. Ka rubuta ta a tafin hannunka ma, ba abin kunya ba ne. Za mu dawo kanta sau da yawa.

Darasi na 2: Agogo

Duk lokacin da aka rubuta a kati, lokacin garin da jirgin zai tashi ne, ba na gida ba. Addis Ababa tana gaban Kano da Yamai da awa biyu, haka ma Saudiyya. Dubai awa uku. Idan agogon hannunka ya ce ƙarfe bakwai kana tsaye a Bole, to a can tara ta yi. Tun kana cikin jirgi ka tura agogonka gaba. Waya ba kullum take gyara kanta ba, musamman idan layinka bai kama ba.

Ba sa rubuta safe ko yamma. Awa 24 suke lissafi da ita. Idan lambar farko ta wuce 12, cire 12: 14:30 biyu da rabi na rana, 21:45 goma saura kwata na dare. Idan ka ga 00:30, sha biyu da rabi na dare ne, kuma kwanan wata ya riga ya canja. Gwada waɗannan a littafinka: 16:00, 19:20, 23:05. Madalla. A hankali za ku saba.

Wani abu game da Habasha: mutanen ƙasar suna da nasu lissafin agogo da yake farawa daga wayewar gari, har bakwai ta safe su ce mata ƙarfe ɗaya. Don haka agogon da ke jikin allon filin jirgi za ka bi, ba amsar mai shara ko mai shayi ba.

A kati akwai lokacin fara shiga jirgi, shi ake rubuta wa BOARDING a kai. Shi ne naka. Yawancin kamfanoni suna rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi. A ƙaddara ka sauka 20:10, jirgi na biyu zai tashi 21:30. A ido minti 80 ne. Cire minti 20 na rufe ƙofa, cire wasu 20 na fitowa daga jirgi da hawa bas, cire na layin bincike. Abin da ya rage maka bai fi na tafiya zuwa ƙofa ba.

Darasi na 3: Daga jirgi zuwa wurin bincike

Kafin jirgi ya fara sauka, ka shiga bayi, ka haɗa kayan hannunka, ka fito da fasfo da kati na biyu. Na biyu, ba na farko ba; na farko ya gama aikinsa, sa shi a ƙasan jaka don kada ya ruɗa ka. Nuna wa ma'aikaciyar jirgi katin, za ta gane lokacinka gajere ne, wani lokaci takan taimaka a ba ka hanya.

Da ka shiga ginin, ɗaga kai. Kalmar da kake nema ita ce TRANSFER, wani wuri a rubuta CONNECTING FLIGHTS. Bi kibiyar da ke gefenta. Inda aka rubuta EXIT hanyar fita gari ce, ba taka ba ce. Inda aka zana akwati wurin ɗaukar kaya ne, shi ma ba naka ba ne muddin tikitinka ɗaya.

Galibi za a sake bincike. Cire bel da agogo da tsabar kuɗi da waya ka sa a tire tun kana kan layi. Ruwa ko turare ko man shafawa da kwalbarsa ta wuce mililita 100 za a karɓe. Hajiya, humra da kwalaben turare akwatin awo ne wurinsu. Kada a tsaya jayayya da mai bincike, shi ba ya sauri, ke ce kike sauri.

Darasi na 4: Lambar jirgi da allo

A nan mutane suka fi faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Bayan bincike za ka ga allo mai haske kamar talabijin, an rubuta DEPARTURES a samansa, layuka cike da shi. Kowane layi jirgi ɗaya ne. A layin akwai lokaci, da lambar jirgi, da sunan gari, da ƙofa. Ƙofa ita ce GATE, baƙaƙe huɗu: G, A, T, E. Rubuta su sau biyar yanzu.

Dubi tafin hannunka. Karanta lambar jirginka. Nemo ta a allo, baƙi da baƙi, lamba da lamba. Idan ka same ta, bi layin nan da yatsa ba tare da ka zame sama ko ƙasa ba, har ka kai ƙarƙashin GATE. Abin da ka gani a wurin, shi ne ƙofarka. Wani wuri lamba ce kawai, wani wuri baƙi da lamba, kamar A12.

Mu gwada da lambobin koyo. Katinka ya ce ET 368. A allo akwai ET 386 da ET 368 da ET 638. Wanne ne naka? Na tsakiya. Lambobi iri ɗaya ne duka, jerinsu ne ya bambanta. Karanta daga hagu zuwa dama kamar yadda muka koya a rubutun boko: uku, shida, takwas. Waɗanda suka saba da allon Muhammadiyya idonsu yakan fara daga dama, ba laifinku ba ne, amma ku riƙe shi.

Me ya sa ba za ka nemi sunan gari kawai ba? Saboda jirage biyu ko uku za su iya zuwa gari ɗaya a dare ɗaya, na kamfanoni daban-daban. Ka ga Jidda ka yi murna ka zauna a ƙofarsu, alhali naka yana can wani ɓangare ana kiran sunanka da lafazin da ba za ka gane ba. Sunan gari shaida ce ta biyu. Ta farko lambar jirgi.

Kada ka ɗauki lambar kujera a matsayin ƙofa. Kujera ita ce ƙarƙashin SEAT, lamba ce sannan baƙi, kamar 23C. Na sha ganin ɗalibi a aji ya nuna mini 23C ya ce ga ƙofarsa. A'a, Malam. Wannan mazauninka ne bayan ka shiga.

Idan an buga ƙofa a katin da aka ba ka tun Kano, kada ka dogara da ita. Awanni sun wuce, ana canja ƙofa. Allo ne mai maganar ƙarshe. Idan allon ya juya zuwa rubutun Amharik ko Larabci, ko ya tafi wani shafi, dakata kaɗan, zai dawo.

A sake. Hannu, lamba, allo, yatsa, ƙofa. A sake faɗa da ƙarfi. Hannu, lamba, allo, yatsa, ƙofa.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne mai cewa, ai zan bi 'yan'uwa. Waɗanne 'yan'uwa? Mutumin da kuka zauna tare daga Kano kuna hira da Hausa, shi Dubai za shi, kai Jidda. Babbar riga da hula ba lambar jirgi ba ce. Dattijo da gemunsa ya bi bayan mutane bai san inda suka nufa ba, alhali lambar tana hannunsa! To me ya kawo ku aji? In ka rikice, nuna katinka ga ma'aikaci mai kaki da katin shaida a wuya, ka ɗora yatsa a kan lambar jirgin ka ce "get". Ya isa. Kuma kati da fasfo ba sa barin hannunka zuwa hannun wanda ba ma'aikaci ba.

Darasi na 5: Ƙofa tukuna

Da ka san ƙofarka, tafi. Ba shayi, ba kanti, ba kiran gida a ce an sauka lafiya. Jirgi ba motar tasha ba ce da kwandasta zai leƙo ya ce saura mutum ɗaya. Bi kibiyoyi da lambobin da ke rataye a sama. Idan lambobin suna ƙara nisa da taka, ka juya.

A bakin ƙofa akwai ƙaramin allo. Dubi hannunka, dubi allon. Lambar jirgi ɗaya ce? To zauna kusa. Idan akwai sauran lokaci, ka yi sallarka a wuri mafi kusa, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Da ka dawo, sake duba lambar.

Tsoho ko mai ciwon ƙafa, a nema masa keken turawa tun wurin yankan tikiti.

Darasi na 6: Idan jirgi na biyu ya tafi

Nemi kantar kamfanin, inda aka rubuta TRANSFER DESK. Nuna katunanka biyu da yankin takardar kaya. Idan tikiti ɗaya ne kuma jirgin farko ne ya makara, za su sa ka a na gaba. Kada ka fita ta EXIT.

Darasi na 7: Dawowa

Haka dai ake yi. Takardar akwati ta ce KAN. Agogo kuma baya za ka mayar.

Aikin gida: ka samo tsohon katin shiga jirgi wurin wanda ya taɓa tafiya, ka zagaye lambar jirgi da ja, ƙofa da shuɗi, kujera da baƙi. A kawo ranar aji mai zuwa. Wanda ya zagaye kujera da shuɗi zai koma Darasi na 4.