Ka ajiye dosiye a Damagaram? To, saura komawa

Makon jiya wani yaro ɗan Kazaure ya same ni a majalisarmu ta Zango, ransa a ɓace. Wai wata biyu ke nan da ya kai takardun neman aiki, abin da ake kira dosiye a nan, wurare uku, ko tari bai ji ba. Na ce sau nawa ka koma? Ya ce ai sun ce za su kira. Na ce wace lamba ka rubuta musu? Sai ya karanto mini ta Najeriya. Har dariya ta zo mini, sai na tuna ni ma haka na yi.

Ku 'yan Najeriya masu zuwa neman aiki nan Nijar, maganar masauki ba zan ɓata bakina ba. Damagarawa ba sa barin baƙo ya kwana a waje, balle mu da muka riga ku shigowa ta Kwangwalam da Magarya. Lissafin kuɗi ma kwana biyu ya ishe ka, ka dai riƙe cewa jika ɗaya sefa 1000 ce.

Takardu ne suka gasa mini aya a hannu. Aikin ofis a nan da Faransanci ake yin sa, don haka wasiƙarka ta Ingilishi, komai kyanta, nemi wanda zai juya maka ita. Sanarwar aiki da yawa na neman katin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Kofen takardun makaranta sai an buga musu hatimin shaida. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, wadda suke kira kaziye, ba a karɓar wadda ta wuce wata 3, shi ya sa zaman jira yake cin kuɗi.

Shekarar da na zo, na kai dosiyena wani ofishi, na miƙa wa wani bawan Allah da na gani a ƙofa sanye da kwat, na yi godiya na tafi. Sati bakwai ina kallon waya. Da na gaji na koma, sakatariya ta buɗe babban littafin da ake rubuta duk takardar da ta shigo, ta bi shi da yatsa shafi-shafi, babu sunana. Ta ce, "Malam, ina deshaj ɗinka?" Ranar na fara jin kalmar. Ashe in ka kawo takarda, kofe biyu ake zuwa da su, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata da lamba a mayar maka. Har yau ban san inda mai kwat ya kai nawa ba. An riga an ɗauki wani, kaziyen ma ya kusa mutuwa, na sake bin layi.

Saboda haka kada ka bar wurin sai da deshaj a aljihu. Ka sayi layin nan ƙasar, mai lamba 8, shi za ka rubuta, kuma ka bar shi a kunne. Ka tambayi ranar rufe karɓar takardu, in ta wuce da kwana goma ka hau kabu-kabu ka je da kanka, da hantsi. Ban da Juma'a, rabin yini ake yi. Ka gaida mai gadi gaisuwar mutunci, shi ya san ko darakta yana gari. Sakatariya kuma ka bari ta amsa gaisuwa tukuna, sannan ka faɗi lambar dosiyenka, ka tambaya ko akwai takardar da ba ta cika ba. Wannan tambayar ta fi "yaya maganata?" amfani nesa ba kusa ba.

Wasunku kuma wuce gona da iri suke yi. Akwai wanda ya samo lambar darakta, ya dinga tura masa saƙon murya ta WhatsApp bayan isha'i, har da "ranka ya daɗe ka taimaka wa maraya". Mu da muka kai shi muka sha kunya. Zuwa biyu, in ya yi yawa uku, tsakaninsu sati biyu, ya wadatar. In an ce an ɗauki wani, ka yi godiya ka tambaya ko za su ajiye dosiyen.

Ɗan Kazauren nan dai na raka shi Kasuwar Dole ya sayi layi. Litinin zan kai shi wurin farko, mu ga ko sunansa yana cikin littafin.