Mai gyaran AC da firji daga Sakkwato: abin da zai tarar a ƙasar waje

Wanda ya koyi gyaran AC a Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe kwandensa cikin 'yan makonni, ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Hannunka ya faɗa. Sai dai a Turai da Amurka, ɗan'uwa, takarda ake fara tambaya kafin a dubi hannu.

A Amurka doka ta hana ka taɓa gas ɗin sanyaya sai kana da shaidar EPA 608, ta hukumar kare muhalli ta ƙasar. Kashi huɗu ce: ta ɗaya ta ƙananan kaya irin firjin gida, ta biyu ta masu matsi mai yawa, ta uku ta masu ƙaramin matsi, sai Universal da ta haɗe su duka. Ita za ka nema kai tsaye, kuma ba ta ƙarewa. A Birtaniya sai shaidar F-Gas, wadda aka fi samu ta kwas ɗin City & Guilds 2079; tukunyar ɗumama gida mai aiki da iskar gas kuwa ba a taɓa ta sai da rajistar Gas Safe. A lardin Ontariyo na Kanada koyon sana'ar kan ci awa 9,000, kimanin shekara biyar, amma ana biyanka kana koyo. Takardar Trade Test ko ta NABTEB ba za ta maye gurbin waɗannan ba, amma ka taho da ita, tare da wasiƙar maigidanka mai nuna shekarun da ka yi a shago.

Akwai ɗabi'un gida da za ka ajiye tun a filin jirgi. Sakin gas a iska laifi ne mai tara. Da injin kwashewa ake zuƙe shi a zuba a tulu. Haka nan kore iska daga bututu ta hanyar ɗan buɗe bawul. Can sai ka ɗaura famfon bakum mai zuƙe iska da danshi daga bututu, ka ja har ma'auni ya sauka zuwa maikron 500, ka rufe, ka jira ka ga ko zai tashi. In ya yi ta hawa bai tsaya ba, akwai yoyo. In ya hau ya tsaya, danshi ne ya rage. Wannan ba fitina ba ce: man POE da ke cikin kwamfuresa mai gas ɗin R-410A yana shan danshi, danshin ya zama asid, asid ɗin ya cinye rufin wayar ciki, bayan 'yan watanni kwamfuresa ta ƙone. In za ka yi walda kuma, ka bar naitirojin yana ɗan bi ta cikin bututun, in ba haka ba baƙin ɓawo zai taso a ciki ya je ya toshe kafilari.

Taɓa bututu da tafin hannu a ce gas ya isa, shi ma ka bar shi a gida. Da sikeli ake zubawa, gwargwadon nauyin da ke rubuce a jikin na'urar, kuma R-410A a ruwansa ake fitar da shi daga tulu. Gas ɗin R-22 da aka saba da shi an daina yinsa da shigo da shi Amurka tun farkon 2020. Sababbin na'urori na zuwa da R-32 ko R-454B, waɗanda kan iya kama wuta, don haka a yi hattara da tocin walda.

Lissafi ma zai canza. Abin da muke kira "hos ɗaya da rabi" shi ne kusan BTU 12,000 a ma'aunin ƙarfin sanyaya, wato tan ɗaya a bakin Amurkawa. Zafi da Faranhait suke auna shi. Wutarsu bolt 120 da 240 ce a kan 60Hz, saɓanin 230 a kan 50Hz tamu, wadda ta yi daidai da ta Birtaniya. Kada ka wahalar da kanka ɗauko famfon bakum daga gida in Amurka ko Kanada ka nufa.

Inda Basakkwace zai zama ɗan koyo na gaske shi ne ɗumama gida, kuma shi ne abincin rabin shekara a ƙasashen sanyi. Fara da na'urar da ake kira hit-fam, domin AC ce da ka sani, sai dai tana da bawul mai juya hanyar gas, zafin ya shigo ɗaki maimakon ya fita. Daga nan ka koyi wayoyin tamostat, na'urar saita zafin ɗaki, masu bolt 24: a tsarin Amurka R wuta, Y sanyi, W ɗumi, G fanka. Murhun gas na ɗumama gida shi ne mai haɗari. In akwatin ƙonawarsa ya tsage, iskar kabon-monoksaid ta bi cikin ɗakuna, ba launi ba wari, ta kashe mutane suna barci. Ba a barin gida sai an auna ta.

Aikin farko yawanci na mataimaki ne: ɗaukar kaya, wanke matata, shiga saman silin. Ka karɓa, ka riƙa rubuta awanninka maigida yana sa hannu. Ka kuma gaggauta neman lasisin tuƙi na ƙasar, domin a mota ake yin wannan aiki, gida-gida.