Yadda ake warware harshen damo a jimlolin yaren C

Duk wanda ya zauna rubuta manhajar da za ta fayyace jimlolin yaren C, wato ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhajar kwamfuta, zai ci karo da layi irin wannan: `a * b;`. Layin yana da harshen damo, domin idan `a` ma'ajiyar lamba ce, to ana ninka `a` da `b` ne, amma idan an riga an ayyana `a` a matsayin nau'in bayanai ta hanyar `typedef`, kalmar da ake raɗa wa nau'i sabon suna da ita, to ana ƙirƙirar sabon manuni ne, wato ma'ajiyar da ke riƙe adireshin wata ma'ajiya, mai suna `b`. Nahawun yaren shi kaɗai ba zai raba gardamar ba, sai an san abin da sunan yake nufi.

Matakin farko shi ne ka buɗe rajistar sunaye, ka riƙa shigar da kowane suna da `typedef` ya haifar, sannan ka sa ɓangaren da ke yanka rubutu zuwa kalmomi ya leƙa rajistar kafin ya miƙa suna gaba. A nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka ka kula da lokacin shigarwar. Idan manhajarka tana hango kalma ɗaya gaba, kamar yadda waɗanda Bison, manhajar ƙera masu fayyace jimla, ke samarwa sukan yi, to a `typedef int T; T x;` tana iya karanta `T` na biyu kafin a rubuta na farko a rajista, sai ta ɗauke shi suna na gama-gari. Shigar da sunan da zarar an kammala ayyana shi, kada ka jira ƙarshen jimlar.

Haka kuma rajistar ta zama hawa-hawa, domin `int T;` a cikin wani aiki yana rufe tsohon `T` har zuwa inda bakan `}` ya rufe, daga nan ma'anar farko ta dawo.

A ganina, ya fi tsabta mai fayyace jimlar ya tambayi rajistar da kansa, kamar yadda Clang, mai fassara C zuwa yaren na'ura, ke yi, kuma takwaransa GCC ma ya koma ga mai fayyace jimla da aka rubuta da hannu don C a shekarar 2006. Idan kuwa aikinka na editan rubutu ne, inda fayilolin da ake jawowa da `#include`, masu ɗauke da ayyanar sunaye, ba lallai su kasance a hannu ba, sai ka bi tsarin fayyace jimla na GLR irin na manhajar Tree-sitter, wanda ke bin fassarorin biyu a lokaci guda, ya zaɓi ɗaya bisa fifikon da ka tsara masa tun farko.