Yadda Ake Samun Sabuwar Allura ga Bindiga Mai Cin Harsashi Ɗaya Idan Tsohuwar Ta Lalace

Bindiga mai cin harsashi ɗaya, wadda ake karya ta a tsakiya a ɗura mata harsashi sannan a rufe, tana daga cikin bindigogin da suka fi sauƙin ƙira da jure wahala, shi ya sa mafarauta da manoma a ƙasashe da dama suke riƙe da ita shekaru masu yawa ba tare da ta nemi gyara ba. Idan kuwa ta nemi gyaran, sau da yawa laifin yana wurin allura, wato siririn ƙarfen nan da guduma ke buga wa idan an ja kunama, shi kuma ya soki 'yar hular wutar da ke gindin harsashi har albarushi ya kama. Ƙanƙantarta ce ke sa a raina ta, har wani ya ɗauka cewa duk wani tsinken ƙarfe da ya shiga ramin zai yi aikin, alhali bambancin rabin milimita a tsayinta ya isa ya sa bindiga ta ƙi tashi, ko kuma ta tashi a lokacin da ba a nufa ba.

Kafin a taɓa komai, sai a buɗe bindigar a duba cikin bututun da ido, a tabbatar babu harsashi, a kuma kwashe duk harsasan da ke kusa a kai su wani ɗaki. Idan bindigar ta ƙi tashi ne a daidai lokacin da aka ja kunama, kada a yi gaggawar buɗe ta. A bar bakinta yana fuskantar inda babu mutum ko dabba na tsawon daƙiƙa 30 aƙalla, domin akwai harsashin da ke jinkiri kafin ya kama, musamman wanda ya daɗe a ajiye a wuri mai laima.

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa allurar ce ta lalace, kuma harsashin da ya ƙi tashi shi ne babban shaida. A juya gindinsa a duba. Idan akwai rami mai zurfi, zagayayye, a tsakiyar hular, to allura ta yi aikinta, harsashin ne matacce. Idan ramin ɗan tabo ne kawai da ƙyar ake ganinsa, abu uku ne ake zargi: ko bakin allurar ya cinye, ko sifirin ɗin guduma ya yi sanyi, ko kuma tsohon mai da ƙura sun daskare a cikin ramin sun hana ta gudu. Na ukun ya fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman a inda ƙurar hunturu ke shiga kowane lungu, kuma maganinsa wankewa ne da ɗan kananzir a busar, ba sayen sabon ƙarfe ba. Idan kuwa babu tabo ko kaɗan, mai yiwuwa bakin allurar ya karye. Akwai kuma alamar da ta fi dukkansu haɗari, wato a ga hular ta huje, da baƙin hayaƙi kewaye da ramin. Wannan yana nufin allurar ta yi tsayi ko bakinta ya yi tsini ko kaushi, kuma iskar wuta tana komawa baya ta wajen fuskar maharbi. Bindigar da ta nuna haka ba a sake harba ta sai an gyara.

Mataki na biyu shi ne sanin ainihin bindigar, domin ba da sunan kamfani kaɗai ake sayen allura ba. A rubuta sunan kamfanin, da samfurin, da girman harsashin da aka zana a jikin bututu, da lambar bindigar. Misalin Handi-Rifle na kamfanin Harrington & Richardson na Amurka ya isa ya nuna dalili. Kamfanin ya yi gangar jiki, wato ƙarfen tsakiyar bindiga da ke ɗauke da kunama da allura, iri biyu masu kama da juna a ido, SB1 wadda aka fi sa wa bindigogin harbin tsuntsu da ƙananan harsasai, da SB2 wadda aka taurara domin harsasan farauta masu ƙarfi, kuma wanda ya yi oda ba tare da ya faɗi wacce ke hannunsa ba yana iya karɓar abin da ba zai dace ba. An daina ƙera waɗannan bindigogi a shekarar 2015, saboda haka kayan gyaransu yanzu daga ragowar kaya da tsofaffin bindigogi suke fitowa. Haka IZh-18 ta masana'antar Izhevsk a Rasha, wadda aka fi sani da sunan Baikal: tun cikin shekarun 1960 ake ƙera ta, akwai ta harbin tsuntsu, akwai kuma IZh-18MN mai zanen murɗe a cikin bututu, kuma gudumarta a ɓoye take cikin gangar jiki, don haka kwance ta ya bambanta da na Handi-Rifle mai guduma a waje.

Dole ne kuma a san ko harsashin bindigar na tsakiya ne ko na gefe. Ƙaramin harsashi na .22 ba shi da hula a tsakiya. Sinadarin da ke kunna shi yana cikin leɓen gindinsa, saboda haka allurarsa gefe take duka, kuma bakinta yawanci a shimfiɗe yake maimakon zagayayye. Irin wannan bindiga ita ce ta fi lalacewa idan ana jan kunamarta babu harsashi, domin allurar tana sarar bakin ɗakin harsashi, ƙarfe a kan ƙarfe, har ta dakushe kanta ta kuma tayar da ƙulli a wurin.

Mai bindiga a Nijeriya yana da wani mataki da ya riga saye da gyara, wato na doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigogin farauta a rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake mallakar su, ta kuma hana ƙerawa ko harhaɗawa ko gyaran bindiga sai a wurin da aka amince ko a hannun wanda aka bai wa izini. Sassan bindiga ma suna ƙarƙashin dokar, don haka shigo da allura daga waje ba kamar shigo da kayan babur ba ne. Abin da ya dace shi ne mai lasisi ya tuntuɓi sashen kula da bindigogi na rundunar 'yan sandan jiharsa ya nemi a nuna masa dillali ko mai gyara da ke da rajista. Ina ganin wannan ya fi wa mutum alheri ko da ba don tsoron hukunci ba, domin mai gyaran da ke da izini yana da ma'auni da kayan aiki da suna da yake karewa.

Mataki na uku shi ne fitar da tsohuwar allurar, kuma aikin mai gyara ne, sai dai yana da kyau mai bindiga ya san abin da ake yi. A yawancin waɗannan bindigogi ana cire katakon gaba da bututu, a wasu har da ƙota, sannan a turo wata 'yar ƙusa da ta gitta gangar jiki tana riƙe da allurar. A gaban allurar akwai ɗan siririn sifirin da ke mayar da ita baya bayan duka, kuma shi ne ke tsalle ya ɓace idan ba a rufe wurin da tafin hannu ba. A ɗauki hoto da waya a kowane zango, a kuma tara duk gutsattsarin a cikin 'yar leda. Kada a jefar da karyayyen bakin, ko da bai kai ƙwayar shinkafa ba, domin idan aka haɗa shi da sauran jikin shi ne zai ba da ainihin tsayin.

Mataki na huɗu shi ne neman sabuwa, kuma a fara da kamfanin da ya ƙera bindigar ko wakilinsa idan yana nan. Idan samfurin ya daɗe da barin kasuwa, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: Numrich Gun Parts a jihar New York yana da zanen sassan dubban tsofaffin bindigogi da lambar kowane sashe, Jack First a Rapid City ta jihar Dakota ta Kudu kuma yana ƙera sababbin sassa na samfuran da aka daina yi. Ko da ba za a iya saye daga wurinsu ba saboda dokokin fitar da kayan bindiga daga Amurka, zanen nasu yana taimaka wa mai gyara ya gane siffar abin da yake nema. Hanya ta ƙarshe ita ce cirowa daga matacciyar bindiga irinta, amma a duba bakin da madubin ƙara girma, domin allurar da ta tsufa a can ba za ta zama sabuwa a nan ba. Duk inda aka samo, a sayi sabon sifirin tare da ita. Sifirin da ya gaji yana barin bakin allura a waje, kuma idan aka rufe bindiga da ƙarfi a kan harsashi alhali bakin yana leƙe, tana iya tashi ba tare da an taɓa kunama ba.

Idan nema ya faskara, sai ƙerawa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ƙusar kafinta da sandar walda da tsinken ƙafar keke duk an gwada su, kuma babu mai kyau a cikinsu. Ƙusa tana da laushi, bayan harbi kaɗan bayanta ya baje, bakinta ya lanƙwashe, ta maƙale a rami. Guntun bakin injin huda kuwa ya cika tauri, yana iya tsagewa a dukan farko. Mai gyaran da ya san aikinsa yana amfani da sandar ƙarfen kayan aiki da aka san nau'inta, irin O1 ko S7 mai jure duka, ya sassaƙe ta a injin juya ƙarfe yana bin awon tsohuwar da ma'aunin kauri mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Wurin da ya kamata mai bindiga ya sa ido shi ne kafaɗa, inda siririn baki ya haɗu da jiki mai kauri. Idan aka yanke wurin da kusurwa mai kaifi, daga nan za ta karye. Dole a bar masa ɗan lanƙwasa mai santsi. Bayan sassaƙa ana taurara ƙarfen da wuta, a sanyaya shi da mai ko iska gwargwadon nau'insa, sannan a sake ɗumama shi a hankali har ya yi shuɗi, domin ya rage gautsi ya riƙe ƙarfi. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawa ta biyu ya ba ka allurar da ba za ta kai ƙarshen kaka ba. Bakin allurar harsashin tsakiya kuma a mulmule shi rabin ƙwallo, a goge da samfefa mai laushi har ya yi sheƙi, ba tare da tsini ba.

Mataki na biyar, wanda ya fi sauran muhimmanci ko an saya ko an ƙera, shi ne awon leƙowa. Ana tura allurar gaba iyakarta, a auna yadda bakinta ya fito daga fuskar gangar jiki. A yawancin bindigogin harsashin tsakiya awon yana tsakanin milimita 1.3 da 1.6, na harsashin gefe kuma bai kai haka ba, amma adadin da kamfanin ya ƙayyade wa wannan samfurin shi ne abin bi. Sababbin allurai da yawa ana sayar da su da ɗan ƙarin tsayi da gangan, domin mai gyara ya rage har su dace. Ragewar kuwa kaɗan-kaɗan ake yi ana aunawa, domin abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Haka kuma a duba yadda bakin ya cika raminsa: idan yana wasa a ciki, tagullar hula tana iya kwararowa cikin gibin ta hana bindiga buɗewa, idan kuma ya matse, ƙura kaɗan za ta tsayar da shi.

Bayan an mayar da komai, gwajin farko ba da harsashi ake yi ba. A danna bayan allurar da ɗan tsinke a sake, a ga ta koma da kanta nan take, a kuma shafa fuskar gangar jiki da yatsa a ji babu abin da ke leƙe. A Handi-Rifle da wasu bindigogi masu guduma a waje akwai wani ɗan ƙarfe da ke tasowa tsakanin guduma da allura idan an ja kunama kaɗai. A tabbatar guduma ba ta kai wa ga allurar idan ba a ja ba. Daga nan sai harsashin gwaji na roba mai sifirin a gindi, wanda aka yi domin irin wannan jarrabawa. Sai bayan duk wannan za a je fili mai tudun ƙasa a baya, da tabarau mai kare ido, a harba uku ko huɗu ana duba gindin kowane kwanso. Ramin da ake so zagayayye ne, a tsakiya, zurfinsa iri ɗaya a kan dukkan kwansunan, babu huji babu baƙin hayaƙi. Idan ko ɗaya ya saɓa, a mayar wa mai gyara tare da kwansunan, domin su ne za su nuna masa inda zai taɓa.

Domin sabuwar ta daɗe, a daina jan kunama a kan bindigar da babu komai a cikinta, a riƙa barin ramin allura kusan a bushe da ɗan shafen mai mara kauri kawai, sannan a wanke shi bayan damina da bayan hunturu. Idan an dace da mai gyaran da aikinsa ya yi kyau, a sa ya yi guda biyu a zama ɗaya, a rubuta awon leƙowar a takarda a ajiye tare da ta biyun a inda ake ajiye lasisi.