Marubuci da wayarsa: kurakuran da ke korar masu karatu da masu sauraro

Shekarun baya, idan marubuci ya kammala littafi a Kano, hanyarsa ɗaya ce: ya biya kuɗin ɗab'i, ya kinkimi kwalayensa ya kai wa 'yan kasuwar littafi a Bata ko Sabon Gari, ya koma gida jiran ciniki. Yau kasuwar ta tare a cikin waya. Wata mai karatu tana Damagaram, wata tana Kumasi, wani yana Jidda, kuma babin da ka rubuta da asuba duk sun karance shi kafin azahar. Sai dai sauƙin ya zo da tarkonsa. Na daɗe ina sakin labari a WhatsApp da Facebook, daga baya na koma karanta shi da murya, kuma yawancin kurakuran nan ni ma na tafka su, wasu har sau biyu.

Babban cikinsu shi ne mutum ya tara dukiyarsa kaf a rumfar haya. Shafinka na Facebook ba gidanka ba ne, haka zauren WhatsApp, haka manhajar da kake sayar da littafi a ciki. Waɗanda suka dogara da OkadaBooks sun ga haka da idonsu lokacin da ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ko Google, duk girmansa, ya rufe manhajarsa ta sauraron fodkas, wato shirye-shiryen murya na intanet, a 2024. Ni kuwa ba wani kamfani ne ya kayar da ni ba, sakacina ne. An zare mini waya a cikin adaidaita sahu, da babi goma sha ɗaya da ban ajiye a ko'ina ba sai cikinta, da lambobin duk waɗanda suka biya kuɗin littafin. Sati uku ina bin mutane ina tambaya, "Don Allah ke kin biya?"

Gyaran ba shi da tsada. Duk babin da ka gama, ka tura wa kanka ta imel a ranar. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ka riƙa shigar da sunan wanda ya biya da lambarsa da ranar biya. Sannan ka buɗe ƙofa biyu: in kana WhatsApp, ka ajiye tashar Telegram a gefe, ka kuma sanar da mutanenka tun ana zaman lafiya inda za su same ka idan ɗaya ta rufe.

Sai tallar da ba ta da kai. Za ka ga marubuci, safe da yamma maganarsa ɗaya: littafina ya fito, ga lambar asusu, a turo shaidar biya. Wani ma sai ya shiga zauren da ake hirar girke-girke ko tarbiyyar yara ya jefa tallarsa ya fice, ko sallama babu. Mai talla da tire a ka ma tana tsayawa ta gaisa da matan gida. Mutane suna bin marubuci ne don suna jin daɗin zama da shi, saye kuma daga baya yake zuwa. Ka ba su abin da za su tauna. In labarinka a Gobir ya faru, faɗa musu kalmomin da ka tsinto a bakin tsofaffin can. In jarumarka ungozoma ce, ba su labarin yinin da ka yi kana yi wa wata ungozoma tambayoyi har ta gaji ta kore ka. Irin wannan ne mutum yake turawa ga ƙawarsa ba tare da an roƙe shi ba. Sayen mabiya kuma asarar kuɗi ce, sunaye dubu goma marasa rai ba za su sayi shafi ɗaya ba.

Akwai wani abu da maza musamman ba sa lura da shi. Kaso mai yawa na masu karanta labaranmu mata ne, da dama matan aure, kuma a zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa. Ka tara mutum 1,024, iyakar abin da zauren ke ɗauka, ka bar ƙofa a buɗe, sai ka ji wata ta fita shiru don wani ya bi ta da "Salam, ya kike?" da tsakar dare. Tun 2023 WhatsApp ya fito da tsarin tasha, inda mabiya ba sa ganin lambobin juna. Sakin babi da sanarwa a yi su a can. Zauren hira kuma a bar shi ƙarami, da mai kula da shi da ba ta jin kunyar cire mutum.

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, wato murya. Mu mutanen rediyo ne tun fil azal, kuma kafin rediyo akwai tatsuniya. Matar da ke tuƙa tuwo, da tela a kan keke, da direban da ke hanyar Legas, da wanda ya iya ajami amma boko yana ba shi wuya, duk kunnensu a buɗe yake ko da hannu da ido suna aiki. Marubucin da ya karanta labarinsa ya kai inda rubutu ba zai kai ba. Amma kunne ba shi da haƙurin ido.

Kuskuren farko shi ne wurin naɗa. Na taɓa naɗar babi guda cur, minti ashirin da biyar, na saurara sai na ji fanka tana gurnani daga farko har ƙarshe, ga zakaran maƙwabta ya shigo daidai inda miji yake furta saki. Ba sai ka sayi makirufo mai tsada ba. Ka nemi ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, su ne suke shanye amon murya. Falo mai tayil da bango tsirara kamar cikin rijiya yake fitowa. Ka kashe fanka, ka jure zafin. Ka rufe layin wayar kada kira ya yanke ka, ka ajiye ta kamar taƙi guda daga bakinka, ɗan gefe kaɗan, don kada iskar "f" da "b" ta riƙa dukanta. Ka san lokacin da janareton unguwa yake yin shiru, ka kuma kauce wa lokutan kiran salla. Ka naɗi minti ɗaya ka saurara kafin ka zarce.

Na biyu, karantawa ba tare da bita ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. "Gari" na iya zama na tuwo, na iya zama wanda ake zaune a ciki. "Fari" launi ne, kuma rashin ruwan sama ne. In ka ƙara da marubucin da ba ya sa lanƙwasa, "baki" da "baƙi" suka zama ɗaya, "kafa" da "ƙafa" suka haɗe, to mai karatu zai yi ta tuntuɓe, ko da kuwa shi ya rubuta. Ka karanta babin a fili sau ɗaya kafin naɗa, ka yi alama inda za ka ja numfashi. Jimlar da ta gagare ka a numfashi ɗaya, raba ta biyu. A hirar mutum uku, ka ƙara "in ji Hajiya" ko "Malam ya ce" ko da babu a rubuce, domin mai sauraro ba ya ganin sakin layi. Ba lallai ka maƙale murya kana kwaikwayon mace ko tsoho ba, ɗan sauyin sauri ya isa. Wanda ke son misali ya saurari yadda ake karanta labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016.

Na uku, doguwar shimfiɗa. Minti biyar ana gaisuwa: ga aminiyata, ga 'yan zaure kaza, ga masoya na nesa da na kusa. Gaisuwa tarbiyya ce, ban ce a bari ba, amma a yi sallama, a faɗi sunan littafi da lambar babi, a tuna inda aka kwana cikin jimla biyu, a shiga labari. Gaishe-gaishen a kai su ƙarshe, mai jiran sunansa zai jira.

Ka kuma tuna da data. Bidiyon minti arba'in mai hoto ɗaya tsaye yana cinye kuɗin mai sauraro a banza. In ka ɗora a YouTube, ka saki sautin zalla a Telegram ko WhatsApp, kashi-kashi, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kada ka shimfiɗa waƙar wani mawaƙi a ƙarƙashin muryarka ba da izninsa ba, YouTube yana gane sauti, kuma kuɗin tallar da YouTube ke biyan masu tasha na iya komawa ga mai waƙar. Kuɗin ma ba ya zuwa da wuri: a tsarin da aka saba da shi, sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu.

Wannan jinkiri ne yake sa marubuta da yawa miƙa littafinsu ga masu manyan tashoshi su karanta. Ba laifi ba ne, laifin shi ne yin sa da fatar baki. "Ba komai, Anti, za mu daidaita" ba yarjejeniya ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ka haƙƙin aikinka tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba, kuma sayar da haƙƙin ko ba wa mutum ɗaya tak izni sai a rubuce. To ka rubuta: wane littafi, wace tasha, har tsawon yaushe, nawa za a biya, kuma ko kai ma kana da damar karantawa a taka tashar. Ko rabin shafi ne, kowa ya sa hannu a gaban shaida.

Ɓarayin littafi kuma, masu fitar da na kuɗi zuwa zaurukan kyauta, jera "Allah ya isa" a saman kowane shafi bai taɓa hana su ba, sai dai ya sa wadda ta biya da guminta ta ji kamar ita ake zargi. Sakin littafi babi-babi ya fi tura shi dunƙule a PDF, aƙalla ɓarawo zai sha wahalar tattarawa.

Saura kaɗan, a gurguje. Kada ka yi alkawarin babi kullum in ƙarfinka na sau biyu a mako ne. Ka ce Talata da Asabar, ka cika. Barazanar "in ban ga sharhi ba na daina" kuma ta tsufa, haka mayar da habaici ga wadda ta ce ƙarshen labarinka bai yi mata ba. Sannan in ka sa farashi, ka sa shi da naira da sefa, ka faɗi hanyar da mutanen Maraɗi da Garwa za su bi su biya. Na shekara biyu ina zaton 'yan Nijar karatu kawai suke so ba saye ba, har ranar da wata baiwar Allah ta turo mini saƙon murya tana cewa, "Ni fa kuɗin na hannuna tun azumi, ta ina zan aiko?"